Injin Kadawa Yana Jiran Tumatir, Manomi Yana Jiran Farashi

A watan Maris na 2016 kamfanin Dangote ya kunna injinan masana'antarsa ta sarrafa tumatir a Kadawa, kan titin Kano zuwa Zariya, a tsakiyar filayen noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam. An kashe kimanin dala miliyan 20 wajen gina ta, an kuma tsara ta yadda za ta iya markaɗe tan 1,200 na ɗanyen tumatir a kowace rana. Ba ta yi nisa da fara aiki ba tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta auka wa gonaki, aka rasa abin da za a zuba wa injin, aka rufe ƙofa. Daga nan sai saɓani ya shiga tsakanin kamfani da manoma a kan farashi, masana'antar ta zauna shiru har zuwa Maris na 2019. Aka sake buɗewa, aka sake rufewa, aka kuma buɗewa a 2020, sannan a 2021 shugabanta Abdulkarim Kaita ya shaida wa manema labarai cewa kashi 20 cikin ɗari kawai na ƙarfinta take aiki da shi, saboda ba ta samun isasshen tumatir. Wannan fa a yankin da duk Najeriya ta san shi da tumatir ne, inda motoci ke lodi dare da rana suna nufar kasuwar Mile 12 ta Legas. Duk wanda ya damu da zaman banza da matasanmu ke yi ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi masana'anta ta rasa tumatir a Kadawa.

Abin da ake asara ya wuce albashin 'yan ɗaruruwan da ke shiga ƙofar masana'antar da safe. Mai son ganin girman asarar ya je kasuwar Kwanar Gafan a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, lokacin da tumatirin kowa ya nuna a tare. Kwanduna ne jere a rana an rufe bakinsu da takarda da ciyawa, na ƙasa sun fara tsiyayar ruwa, ƙuda ya taru, manomi yana tsaye yana jiran dillali ya faɗi abin da ya ga dama. In la'asar ta yi ba a saya ba, wanda ya gaji sai ya kwashe kayansa ya koma gefen gona, a sa wuƙa a tsaga kowane ɗaya biyu, a baje a ƙasa ya bushe ya zama kauɗa, da ƙura da yashi da komai. A irin wannan mako ana samun manomin da kuɗin kwandonsa bai biya masu tsinka da ɗan dako da kuɗin mota ba, sai ya bar sauran ya ruɓe a gona. Shekara mai zuwa ba zai sake zuba jarinsa a tumatir ba. In ya rage gona, aikin mai dashe ya ragu, na mai ban ruwa ya ragu, haka mai feshi, mai tsinka, mai saƙar kwando, direba, har mai sayar da abinci a bakin kasuwa. Waɗannan su ne mutanen da noman rani ke riƙewa a gida daga kaka zuwa bazara, kuma su ne ke ɗaukar jaka su tafi cirani Legas da Abuja da Fatakwal idan aikin ya yi ƙaranci. Masana'antar da ke saye kullum a farashin da aka sani ita ce za ta hana kasuwa faɗuwa warwas a waɗannan makonni, shi ya sa rufewarta take taɓa dubban gidajen da ba su taɓa taka harabarta ba.

Ba za a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. A watan Yuni na 2015 Babban Bankin Najeriya ya sanya tumatirin gwangwani cikin kayayyaki 41 da ya daina bai wa masu shigo da su kuɗin waje a farashin gwamnati. A 2017 gwamnatin tarayya ta fito da manufa ta musamman a kan tumatir, ta ɗaga harajin markaɗaɗɗen tumatirin da ake shigowa da shi daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin ɗari, ta ƙara dala 1,500 a kan kowane tan. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya kafin a dakatar da shi, kuma an shigar da manoman tumatir ciki. Duk da haka injin Kadawa bai cika ba ko da kaka ɗaya. Mun taɓa ganin irin wannan a masaƙu: bayan durƙushewar manyan masaƙun Kaduna da na Kano, an ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da harkar auduga da saƙa, amma wanda ya zagaya Bompai, Sharada da Challawa ya san yawan gine-ginen da har yau suke kulle. Dalilin ɗaya ne a wurare biyun. An tsare bakin teku, an miƙa rance, an bar gona yadda take. Abin da nake cewa shi ne, ayyukan da ake fatan masana'antar Kadawa ta samar suna rataye ne a kan abubuwa biyu, yawan tumatirin da hekta guda ke bayarwa da farashin da manomi ya sani tun kafin ya yi dashe, kuma a kan waɗannan biyun ya kamata kuɗi da ƙarfin gwamnati su tafi.

Lissafin ba shi da wuya. Tan 1,200 a rana daidai yake da tirela 40 masu ɗaukar tan 30. Idan masana'antar za ta yi aiki kwana 90 a kakar tumatir, tana buƙatar tan 108,000. Wani rahoto da kamfanin PwC ya fitar a 2018 ya nuna cewa Najeriya na noma kimanin tan miliyan 2.3 na tumatir a shekara, kusan kashi 45 cikin ɗari yana lalacewa kafin ya kai tukunya, kuma abin da hekta guda ke bayarwa bai wuce tan biyar da rabi ba, alhali matsakaicin na duniya ya haura tan 35. A kan tan biyar da rabi, sai an shuka kusan hekta 20,000 kafin a ciyar da wannan masana'anta guda ɗaya, ke nan kusan duk filin da aka tsara wa zangon farko na shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka yi wa ƙiyasin hekta 22,000 kuma ba a taɓa kammala shi duka ba. Manoman Kura da Bunkure sun fi matsakaicin manomin ƙasar nan ƙwarewa, to mu ce suna samun tan 10: har yanzu ana neman kusan hekta 11,000, kuma ba a bar wa kasuwar 'Yankaba da ta Legas ko kwando ɗaya ba. Amma in hekta ta ba da tan 40, hekta 2,700 sun wadatar. A jihar Kalifoniya ta Amurka manoman tumatirin masana'anta suna ɗebe fiye da tan 100 a hekta. Wannan tazara ita ce ke sa markaɗaɗɗen tumatir ya taso daga lardin Shinjiyan na ƙasar Sin, ya ratso teku, ya iso Legas, kuma ya fi na Kadawa araha. Manomin da ya samu tan 40 zai iya sayar wa masana'anta da rahusa ya ci riba mai kauri, wanda ya samu tan bakwai kuwa in ya sayar a wannan farashin ya karye. Rigimar farashi da aka yi ta yi tsakanin kamfani da manoma daga nan ta samo asali, domin kowane ɓangare gaskiya yake faɗa game da aljihunsa.

Me ya hana hekta bayarwa? Na farko iri. Yawancin manoma suna shuka tsofaffin irin nan na UTC da Roma da makamantansu, wasu ma daga tumatirin bara suke tsame iri su shanya, shekara bayan shekara yana rage ƙarfi. Ingantaccen iri mai nama da ƙarancin ruwa, wanda masana'anta ke so saboda sai an markaɗe kimanin tan shida na ɗanye kafin a samu tan ɗaya na markaɗaɗɗe, daga waje ake shigo da shi da dala, kuma faɗuwar naira tun 2023 ta nesanta shi daga ƙaramin manomi. Na biyu sharon. Wanda ya ɗaga ganyen da ta kama ya duba shi a hasken rana zai ga wasu fararen hanyoyi a cikinsa, tsutsar tana tsakanin fatar sama da ta ƙasa tana ci, inda maganin feshi ba ya isa gare ta sosai. Daga ganye ta shiga kara, daga kara ta huda 'ya'yan, cikin 'yan kwanaki gona ta koma kamar an babbaka ta. Daga Kudancin Amurka ta samo asali, ta ratso Turai da Arewacin Afirka ta iso mana, a 2016 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma ta sake dawowa da ƙarfi a 2023 da 2024, musamman idan zafi ya shigo. Manomi shi kaɗai ba zai iya da ita ba, domin in ya yi feshi maƙwabcinsa bai yi ba, gobe ta dawo. Ga shi yana sayen duk maganin da mai shago ya miƙo masa, yana ninka awo, ita kuma tana sabawa da gubar. Yaƙi da irin wannan annoba aikin hukuma ne: tarkon kama asun da ke haifar da ita a kowane yanki, sanarwa da wuri, feshin bai-ɗaya, da hana jabun magani shiga kasuwa. Abin takaici shi ne ilimin yana nan kusa. Cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tashar binciken noman rani a Kadawa ɗin kanta, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa tana da reshe a Bagauda, hukumar raya aikin gona ta jiha, KNARDA, tana Kano. Malamin gona da zai ɗauko abin da aka gano ya kai shi bakin kanal, da babur da mai a tanki, shi ne ya yi ƙaranci.

Na uku ruwa. Madatsar Tiga da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako ita ke shayar da waɗannan filaye, ruwan yana gangarowa da kansa ba tare da inji ba, wanda babbar ni'ima ce a lokacin da man fetur ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023. Shekaru da yawa kachala da laka sun toshe magudanai, na ƙarshen layi ba sa ganin ruwa. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 495 a 2014 ya gyara wani babban ɓangare na magudanan, kuma wannan aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai tumatir yana son a san ranar sakin ruwa da ranar rufewa tun kafin a zuba iri a gado. Idan Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suka tsara sakin ruwa kashi-kashi, za a iya yin dashe daki-daki, wannan yanki ya riga wancan da mako biyu, girbi ya miƙe daga Janairu zuwa Afrilu a maimakon ya zubo gaba ɗaya a cikin mako uku.

Akwai masu ɗora laifin duka a kan manomi. Sun ce ba ya cika alkawari: a ba shi iri da taki bashi, tumatir ya nuna, da zarar farashi ya ɗaga a kasuwa sai ya kai wa dillali, sai ranar da kasuwa ta faɗi zai tuna da masana'anta. Wannan yana faruwa, kuma bai dace da mutumin da ya ɗauki amana ba. Amma a duba yadda alkawarin yake tun farko. Sau da yawa ba a tsayar da farashi sai kaya ya nuna, lokacin da kowa ya riga ya san abin da kasuwa ke bayarwa. Manomin da ke da rabin hekta, da bashin mai taki a wuyansa, da iyali masu jiran cefane, idan dillali ya tsaya a bakin gonarsa da kuɗi a hannu ninki biyu na abin da masana'anta za ta biya bayan an auna, an tace, an jira, ba sai an tambaya ina zai kai ba. A Kalifoniya ƙungiyar manoman tumatir ce ke zama da masu masana'antu ta tsayar da farashin tan kafin kakar ta kankama. A arewacin Italiya ma haka ake yi kowace shekara tsakanin ƙungiyoyin manoma da masu sarrafawa. Kuma masana'antunsu ma wata uku kacal suke markaɗa a shekara, wanda ya isa amsa ga masu cewa wai tumatirinmu na lokaci ɗaya ne don haka masana'anta ba za ta ɗore ba. Abin da Kano ke buƙata shi ne yarjejeniya a rubuce kafin dashe, mai ƙayyade mafi ƙarancin farashi, wadda za ta bar wa manomi wani kaso na amfaninsa ya kai kasuwa in ya so, ta kuma wajabta wa kamfani biya cikin kwanaki ƙidayayyu. Gwamnatin jiha ta tsaya a matsayin shaida, ta sa amintaccen ma'auni, ta kafa wurin sasanci da hakimai da shugabannin manoma a ciki, yadda wanda ya saɓa daga kowane ɓangare zai san akwai inda za a kira shi. Wannan bai kai kuɗin gina gada guda ba.

Wasu kuma sun ce duk wannan zance ne, fasa-ƙwauri da rangwamen haraji da ake bai wa masu uwa a gindin murhu su ne suka kashe masana'antar. Akwai gaskiya a ciki. Masu sarrafa tumatir sun daɗe suna kokawa cewa dokar 2017 ba ta aiki yadda aka rubuta ta, kuma tun a 2016 kamfanin Erisco na Legas ya yi barazanar rufe masana'antarsa ya sallami ma'aikata saboda irin wannan koke. A Oktoban 2023 ma Babban Banki ya janye takunkumin kuɗin waje da ya sanya a 2015. Mai zuba jari ba zai saki jiki da ƙasar da dokarta ke sauyawa da sauyin gwamnati ba, don haka ina goyon bayan a riƙe harajin, a aiwatar da shi a kan kowa. Sai dai a lura da abin da shugabannin masana'antar suka faɗa da bakinsu a 2021: ɗanyen tumatir ne bai isa ba. Ko da an toshe kowace kafa daga Seme zuwa Jibiya, injin da ba a kawo masa kaya ba zai ci gaba da zama, abin da zai ƙaru kawai shi ne kuɗin tumatirin leda a hannun matar da ke cefane a Fagge. Haraji lokaci yake saya wa manomi don ya ƙara yawan amfaninsa. An sayi lokacin tun 2017, ba a yi aikin da aka saye shi dominsa ba.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa don me za a kashe kuɗin talakawa a kan masana'antar mutumin da ya fi kowa kuɗi a Afirka. Ni ma ban yarda a ba kamfanin ko kwabo ba. Kamfani yana da nasa nauyin: wanda ya kafa inji mai cin tirela 40 a rana ya wajaba a kansa ya tanadi gonarsa da za ta riƙe wani kaso na buƙatarsa, ya kuma riƙe manoma da kyakkyawar mu'amala. Masana'antar GB Foods a jihar Kebbi da ta Tomato Jos a jihar Kaduna duk sun haɗa injinsu da gonakin kansu saboda wannan dalili, shi ma kamfanin Dangote daga baya ya gina gidan renon dashe a Kadawa. Amma malamin gona, da maganin sharon, da tsarin ruwa, da ma'auni na gaskiya, da hanyar da mota za ta shiga gona, duk na manomi ne, kuma suna amfanarsa ko ya sayar wa wannan kamfani ko ya sayar wa wani ko ya kai Kwanar Gafan. Hasali ma, manomin da ke da mai saye ɗaya tilo yana cikin haɗari. Yawan amfani shi zai jawo ƙananan masu sarrafawa, da ƙungiyoyin mata masu busar da tumatir a kan tsaftatattun raga maimakon ƙasa, da masu ɗakunan sanyi, su yi gogayya a kan kayansa. Kano tana cikin jihohin zangon farko na shirin yankunan sarrafa amfanin gona da Bankin Raya Afirka da abokansa ke tallafa wa, kuma in ba a gyara gona ba, sababbin gine-ginen da za a yi a ƙarƙashinsa za su gamu da abin da Kadawa ta gamu da shi.

Masu cewa a ƙyale manomi ya koma shinkafa tunda ita ke kawo kuɗi, su tuna cewa rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 na cikin abin da ya ɗaga ta, kuma rangwamen harajin shigo da abinci na 2024 ya nuna yadda takarda ɗaya daga Abuja ke iya sauko da farashinta. Yankin da ya dogara da amfani guda, duk ya faɗi rana ɗaya. Tumatir kuma yana cin hannu sosai tun daga gado har tsinka, wanda ake yi sau da yawa a gona guda, don haka kowace hekta da aka bari aikin mutane ne ya tafi.

Ana zuba irin tumatirin rani ne da ɗaukewar damina, a yi dashe a Oktoba da Nuwamba. Duk taron da aka kira a watan Maris, bayan kwanduna sun cika kasuwa, ya makara. Kirana ga ma'aikatar aikin gona ta Kano, da Hukumar Hadeja da Jama'are, da shugabannin manoman tumatir na Kura, Bunkure da Garun Malam, da duk kamfanin da ke son sayen kayansu, shi ne su zauna tun a watan Agusta. A fito da farashi a rubuce, da jadawalin sakin ruwa, da sunan malamin gonar da ke kula da kowane yanki, a karanta su a rediyo da masallatan Juma'a. 'Yan majalisar da ke wakiltar waɗannan ƙananan hukumomi uku kuma su nemi a nuna musu, a cikin kasafin kuɗin bana, nawa aka ware wa yaƙi da sharon da kuma ranar da za a saki kuɗin.